ƘANANAN HUKUMOMIN NEPAL: An Ba Su Iko, Saura Sanin Aiki

A ranar 20 ga watan Satumba na shekarar 2015 ne ƙasar Nepal, wadda ke maƙale a cikin duwatsun Himalaya tsakanin Indiya da Sin, ta ƙaddamar da sabon tsarin mulki wanda ya mai da ita tarayya. Kafin wannan lokaci kome na ƙasar daga Katmandu, babban birni, ake yanke shi, tun zamanin sarakunan da suka yi mulki wajen shekara 240 har aka kawar da sarautar a 2008. Sabon tsarin ya raba ƙasar zuwa larduna 7, waɗanda suke daidai da jihohi a Nijeriya, sa'an nan aka narkar da tsofaffin kwamitocin ƙauyuka fiye da 3,000 da majalisun garuruwa aka fito da ƙananan hukumomi 753. Daga cikinsu 460 na karkara ne, 276 na garuruwa, sauran 17 kuwa manyan birane ne.

Ikon da aka danƙa wa waɗannan hukumomi ba ƙarami ba ne, kuma a cikin tsarin mulki aka rubuta shi, yadda babu wani minista ko gwamnatin lardi da za ta wayi gari ta ƙwace. An lissafa musu ayyuka 22 waɗanda nasu ne su kaɗai, ciki har da makarantun firamare da na sakandare, da kiwon lafiya matakin farko, da hanyoyin karkara, da ruwan sha, da ban ruwan gonaki, da harajin gida, da 'yan sandan gari. Suna da majalisa mai yin doka. Kuɗinsu kuma kai tsaye yake zuwa daga Gwamnatin Tarayya ba tare da ya bi ta hannun lardi ba. Alal misali, a harajin sayen kaya da ake kira VAT, tarayya na ɗaukar kashi 70 cikin 100, larduna 15, ƙananan hukumomi 15, ban da gudummawa iri huɗu da ake tura musu kowace shekara.

To, a takarda kam, ƙasashe kaɗan ne suka yi wa ƙaramar hukuma irin wannan gata. Matsalar da ta fito fili bayan zaɓen 2017 ita ce, mutanen da aka miƙa wa wannan kaya ba su taɓa ɗaukar irinsa ba, kuma babu wanda za su kalla su kwaikwaya.

Dalili kuwa a bayyane yake. Rabon da a yi zaɓen ƙananan hukumomi a Nepal tun 1997. Wa'adin waɗanda aka zaɓa a lokacin ya cika a 2002, ana tsakiyar yaƙin 'yan tawayen Mao wanda aka yi daga 1996 zuwa 2006, ya ci rayuka wajen 17,000, sai gwamnati ta bar kujerun babu kowa ta ce ma'aikata su riƙa. Haka aka zauna shekara 15. Yaron da aka haifa a shekarar zaɓen ƙarshe ya kai shekara 20 bai taɓa zaɓen kansila ba. Saboda haka da aka zo zaɓen 2017, wanda aka yi shi kashi uku a watannin Mayu da Yuni da Satumba, mutum wajen 35,000 suka hau kujeru a lokaci guda, akasarinsu ba su taɓa zaman majalisa ba, ba su taɓa karanta kasafin kuɗi ba, balle rubuta doka. Wasu tsofaffin mayaƙa ne, wasu malaman makaranta, wasu manoma, wasu kuma da dama 'yan kwangila. Dokar da ta bayyana yadda za su gudanar da aikin ma sai a cikin wannan shekara aka zartar da ita, bayan da yawansu sun riga sun sha rantsuwa.

Wurin da abin ya fi tsanani shi ne kujerar mataimakin shugaba. Dokar zaɓe ta tilasta wa kowace jam'iyya ta tsayar da mace a ɗaya daga cikin kujeru biyu, ko shugaba ko mataimaki. Jam'iyyu kuwa suka yi abin da kowa ya yi tsammani, watau suka ba maza shugabanci suka tura mata mataimaka. Mata 18 kacal suka zama shugabanni a cikin 753, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na mataimaka mata ne. Sai dai a Nepal mataimaki ba ɗan rakiya ba ne. Shi ne shugaban kwamitin da ke tsara kasafin kuɗi, shi ne ke duba ayyukan da aka bayar, kuma shi ne shugaban kwamitin shari'a na mutum uku wanda tsarin mulki ya kafa a kowace ƙaramar hukuma. Wannan kwamiti ne ke sauraron rikicin iyakar gona, da rabon ruwan noma, da ɓarnar dabbobi, da hakkin ɗan ƙodago da aka hana, da ƙarar tsohon da 'ya'yansa suka yi watsi da shi. Watau macen da jiya take shugabar ƙungiyar matan unguwa, yau an ajiye ta a kan kujerar alƙali, ga masu ƙara a tsaye, ga dokar da ba ta taɓa karantawa ba. Idan ta yi kuskure wajen rubuta hukunci, kotun gunduma za ta rushe shi, kuma a ƙauye ba za a ce doka ce ta yi wuya ba, cewa za a yi dama mace ba za ta iya ba.

Haka nan kowace mazaɓa, cikin mazaɓu 6,743, dole ta sami kansiloli mata biyu, ɗaya daga cikin 'yan Dalit, watau mutanen da al'adar Hindu ta ajiye a can ƙasan jerin asali har ake ƙyamar cin abinci da su. Fiye da 6,500 daga cikinsu suka shiga majalisu a 2017. Shiga majalisa daban, buɗe baki a gaban mutumin da kakanninsa suka mallaki kakanninka kuma daban.

Maganin farko da gwamnati da ƙungiyoyin agaji suka kawo shi ne wanda aka saba da shi ko'ina, watau kwas. A tara shugabanni da kansiloli a otal a hedkwatar lardi ko a Katmandu kwana biyu ko uku, a yi musu lacca, a raba littattafai da jaka da alawus, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Ba a ce kwas ba shi da amfani ba, domin aƙalla mutum ya ji sunayen abubuwa. Amma wanda ya taɓa aikin ofis ya san cewa ba ranar lacca tambaya ke tasowa ba. Tana tasowa ne ranar da ɗan kwangila ya kawo takardar biya alhali aikin bai kai rabi ba, ko ranar da majalisa ta rabu biyu a kan inda za a gina asibiti, ga wa'adin kasafin kuɗi ya matso. A wannan rana mai lacca yana can wani lardi yana maimaita laccarsa.

Gwamnatin Tarayya kuma ta ƙara da nata taimakon, ta riƙa rubuta samfurin dokoki tana aika wa ƙananan hukumomi don su gyara daidai da bukatunsu. Da yawa suka kwafe su yadda suke, suka canza suna kawai suka zartar. Ta haka sai ga hukumar da ke can kan dutse inda ƙanƙara ke rufe hanya da wadda ke fadamar kudu kusa da iyakar Indiya suna aiki da doka iri ɗaya, kuma dokar a Katmandu aka rubuta ta. Ikon yin doka yana nan a hannunsu, amma tunanin ya koma inda aka ɗauko shi.

Daga nan ne aka fara gwada wata hanya, wadda ita ce ta cancanci a tsaya a duba. Maimakon a kira masu mulki zuwa wurin malami, sai a tura malamin wurinsu ya zauna. Ƙungiyar International IDEA mai hedkwata a Stockholm, da kuɗin gwamnatin Ingila, tare da ma'aikatar harkokin tarayya ta Nepal, ta tura irin waɗannan masu ja-gora zuwa wasu ƙananan hukumomi a yammacin ƙasar, inda talauci ya fi yawa, wasu ƙauyukan ma sai an yi tafiyar kwanaki a ƙasa kafin a kai su. Mai ja-gora ba ya sa hannu a kan kuɗi, ba ya jefa ƙuri'a a majalisa, kuma ba sufeto ba ne da zai rubuta rahoton laifi. Aikinsa ya zauna a taro ya saurara, bayan an tashi ya keɓe da shugaba ko mataimakiya su bi abin da ya faru. Me ya sa kansiloli uku ba su ce uffan ba? An raba takardun taro tun kafin ranar, ko kuwa a kan tebur mutane suka fara ganinsu? Abin da aka yanke, an rubuta shi yadda wanda bai zo ba zai fahimta? A taro na gaba sai a gwada gyara abu ɗaya, ya sake zama ya gani.

Wanda bai san aikin hukuma ba zai raina waɗannan tambayoyi, amma a cikinsu kuɗin jama'a ke tsira ko ya salwanta. A ɗauki kasafin kuɗi. Ƙa'ida ta tanadi matakai bakwai, ciki har da taron unguwa inda mutane za su faɗi bukatunsu, a kai mazaɓa a tace, a kai kwamitin kasafi, har a gabatar wa majalisa kafin ranar 10 ga watan Asar na kalandarsu, wadda ke faɗawa wajen ƙarshen watan Yuni, domin shekarar kuɗi tsakiyar Yuli take farawa. A wurare da yawa ana yin taron unguwa ne don cika ƙa'ida, sa'an nan shugaba da shugabannin mazaɓu su shiga ɗaki su raba kuɗin daidai wa daida, kowa ya je ya yayyanka nasa ƙanana ƙanana don kowane ɗan jam'iyya ya sami abin nunawa. Abin da ya biyo baya shi ne abin da jaridun ƙasar suka daɗe suna kuka da shi, watau yayin katafila. Kowane tudu aka sa katafila ta yanka hanya ba tare da injiniya ya auna ba, damina ta zo ƙasa ta zabtare ta rufe gonaki da gidaje, baɗi a sake ware kuɗin gyara. A wasu wuraren mai katafilar shi ne shugaban hukumar ko ɗan'uwansa. Lacca a otal ba ta hana wannan, domin duk wanda ke ɗakin ya san ƙa'idar, ƙin bi ya yi. Abin da ke rage shi shi ne kansilolin da suka koyi tambayar lissafi a bainar jama'a, da mataimakiyar da ta gane cewa sa hannunta a kan rahoton duba aiki shi ne ƙofar da kuɗi ke fita. Irin wannan ƙarfin hali ba ya samuwa a kwana uku. Sai mutum ya yi tambayar sau ɗaya ya ga sama ba ta faɗo ba, kuma akwai wanda zai koma wurinsa su daidaita ta biyu.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san yadda ake koyon aiki a baitulmalin En'e a Arewacin Nijeriya, inda yaro ke shekaru a gefen ma'aji yana kwafar lissafi kafin a yarda ya riƙe littafi, ko da yake an kafa makarantar koyon aikin mulki a Zariya don ƙarin ilmi. Bayan gyaran 1976 ma jami'o'in Zariya da Ife da Nsukka aka ɗora wa horar da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, hujjar da masu adawa suka riƙa kawowa ita ce wadda ake ji a Katmandu, wai ba su da ƙwarewar riƙe kuɗi. Bambancin shi ne Nepal ta riga ta saki kuɗin, don haka a can ana iya ganin abin da ke faruwa bayan an saki.

Amma fa kada a ɗauka an sami maganin kowace cuta. Akwai abubuwa da ke cin wannan shiri ta ƙasa, kuma mafi girmansu ba a ƙauye yake ba, a Katmandu yake. Babban jami'in mulki na kowace ƙaramar hukuma, wanda shi ne sakatare kuma da sa hannunsa ake fitar da kuɗi, ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ne. Ita ke turo shi, ita ke ɗauke shi, ita ke yi masa ƙarin girma. Saboda haka idonsa na kan ma'aikatar da ta aiko shi, kuma da yawa suna ganin zama a ƙauyen kan dutse horo ne, tun ranar da suka sauka suke neman hanyar komawa. An sha samun hukumomin da suka yi watanni babu babban jami'i, wani ƙaramin ma'aikaci ke riƙo, ga kujerun injiniya da akawu babu kowa. Mai ja-gora zai yi wata shida yana daidaita tsakanin shugaba da sakatare har su fara fahimtar juna, sai takardar canjin wurin aiki ta zo, a koma gidan jiya. Ko babban birnin ma bai tsira ba. A farkon 2025 saɓani tsakanin magajin garin Katmandu na lokacin, Balendra Shah, da babban jami'in da tarayya ta turo masa ya sa ma'aikatan birnin suka yi watanni ba albashi. Dokar ma'aikatan tarayya da ya kamata ta warware wannan kuwa, har shekarar 2025, shekara goma bayan tsarin mulki, ba ta zama doka ba.

Malaman makaranta ma sun nuna inda suka dosa. A watan Satumba na 2023, da kuma Afrilu na 2025 inda suka yi kusan wata guda, dubbansu suka cika titunan Katmandu, kuma cikin manyan bukatunsu har da kada a bar su a ƙarƙashin ƙananan hukumomi. Suna cewa shugabanni za su riƙa canza musu wuri saboda siyasa, kuma wannan tsoro ba na banza ba ne. Sai dai tsarin mulki ya riga ya ce makarantu na ƙaramar hukuma ne, kuma da wuya a gane yadda za a tambayi shugaba dalilin faɗuwar yara a jarrabawa alhali ba shi da ta cewa a kan malamin da bai zo aji ba.

Abu na biyu shi ne wanda ke biyan mai ja-gora. Har babban shirin gwamnati na taimakon larduna da ƙananan hukumomi, wanda aka fara a 2019 aka kuma kafa cibiyar horarwa a kowane lardi a ƙarƙashinsa, da gudummawar Ingila da Norway da Suwizalan da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya aka tafiyar da shi. Kowa kuwa ya ga abin da ya faru a 2025, lokacin da Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, ayyuka da dama a Nepal suka tsaya cak a tsakiyar hanya. Ajiye ƙwararren mutum a ƙauye shekara guda ya fi kwas tsada nesa ba kusa ba, kuma ba ya ba da adadi mai daɗin rubutawa a rahoto. Mai kwas zai ce ya horar da mutum dubu, mai ja-gora kuwa abin da zai nuna shi ne majalisar wuri kaza ta fara raba takardu kafin taro. A gwada a hukumomi kaɗan abu ne mai sauƙi, a kai shi 753 shi ne aikin. In dai ana so ya ɗore, to, daga cikin gida za a samo mutanen, kuma akwai su. Tsofaffin shugabanni da mataimaka da suka gama wa'adin farko a 2022 suna nan da abin da suka koya da wahala, ga ma'aikatan da suka yi ritaya, ga kuma ƙungiyoyi biyu na ƙananan hukumomin, ta garuruwa da ta karkara, waɗanda za su iya haɗa wanda ya iya da wanda ke koyo ba tare da jiran baƙo ba.

Akwai kuma haɗarin da ke tattare da shi kansa mai ja-gorar. Idan ya ga aiki na tafiyar hawainiya, sauƙinsa ya karɓi alƙalami ya rubuta kasafin da kansa. Takarda za ta yi kyau, za a gabatar a kan lokaci, masu ba da kuɗi su yaba, amma ranar da ya tafi ya tafi da kome. Idan kuma ma'aikatar tarayya ta mai da shi ɗan rahoto, shugabanni za su rufe masa baki su riƙa nuna masa abin da suke so ya gani.

Me ya sa duk wannan ya zama abin damuwa? Saboda rashin iya aiki shi ne makamin da masu son a koma tsohon tsari suke riƙe da shi. Kowace shekara rahoton babban mai binciken kuɗi na fitowa da kuɗaɗen da ƙananan hukumomi suka kashe ba bisa ƙa'ida ba, hukumar yaƙi da cin hanci kuma ƙorafin da ta fi samu a kansu ne, ga waɗanda ke kasa gabatar da kasafi a kan lokaci, musamman a lardin Madhesh na kudu. Wani ɓangare na wannan sata ce tsagwaronta, wani kuwa rashin sanin yadda ake cika takarda ne, amma a bakin ɗan siyasa duk ɗaya ne. Da wannan hujja ma'aikatun Katmandu ke ƙara yawan kuɗin da suke turawa da sharaɗi, watau a ce ga kuɗi amma ga abin da za a yi da su, har ƙaramar hukuma ta koma ofishin biya. A watan Maris na 2025 masu neman a maido da sarki sun yi zanga-zanga a Katmandu, kuma jam'iyyar da ke goya musu baya ta daɗe tana neman a soke larduna. A ranakun 8 da 9 ga Satumba na wannan shekara kuma boren matasa a kan cin hanci ya kifar da gwamnatin K.P. Sharma Oli, aka ƙone majalisar dokoki da Kotun Ƙoli, wutar kuma ba ta bar ofisoshin ƙananan hukumomi da dama ba, inda takardun jama'a suka zama toka.

Duk da haka, abin lura shi ne ko masu sukar tarayya sun fi kai hari kan larduna, ba kasafai ake jin mai cewa a soke ƙananan hukumomi ba. Mutumin da a da sai ya yi tafiyar kwana biyu zuwa hedkwatar gunduma don takarda ɗaya, yau yana samun shaidar haihuwa da kuɗin tsofaffi a ofishin mazaɓarsa, kuma lokacin annobar korona a 2020 waɗannan hukumomi ne suka buɗe wuraren killace dubban ma'aikatan da suka komo daga Indiya.

A zaɓen 13 ga Mayu 2022 sababbin fuskoki da yawa suka shigo, mata shugabanni suka ƙaru daga 18 zuwa 25, amma mataimaka mata suka ragu, domin jam'iyyun da suka yi ƙawance sun gano cewa idan wannan ta tsayar da shugaba waccan ta tsayar da mataimaki, doka ba ta hana su kawo maza biyu ba. Ta haka aka yi asarar mata da dama waɗanda suka yi shekara biyar suna koyon shari'a da kasafi. Wa'adin waɗanda aka zaɓa a 2022 zai cika a 2027, kuma a ranar da sababbi za su sha rantsuwa, kasafin shekara zai kasance saura makonni kaɗan a gabatar da shi.